Ƙulli Shida da Suka Rage

Daga tsibirin Waitukubuli, farkon damina

Zuwa ga Ariyuma, taubashiyata, Bakin Barkono,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki da ranki da lafiyarki. Ni ne Wayuba. I, wannan Wayuban dai, jikan ƙanen kakarki, wanda masu gemu na Sifaniya suka kama tare da ke a bakin ruwa shekara bakwai ke nan, har limaminsu ya zaunar da mu a kan benci ɗaya yana koya mana rubutu don mu zama tafintocinsu. Kin fi ni iyawa, ban manta ba, ba sai kin tuna min ba. Da haruffansu nake rubuto miki amma da bakinmu, ko takardar ta faɗa hannunsu ba abin da za su tsinta a ciki.

Lafiyata ƙalau, ban da ƙafar da karensu ya tauna ran da na gudu. Ina jan ta, yara suna bina suna kwaikwayon tafiyata. Gwaggonki Sibuli tana nan tana faɗa da kowa yadda kika san ta. Innarki kuwa, Ariyuma, sai haƙuri, ta rasu damina biyu da suka wuce. Ba ta sha jinya ba. Har ta tafi ba ta yarda an kwance ragar kwanciyarki daga inda kika bar ta ba.

Mun ɗauka kin mutu. Sai watan jiya mutanenmu suka je tsibirin Ay-Ay kamun kunkuru, suka gamu da wani tsoho mutumin tsibirin Boriken, Gwatiba, wanda masu gemu ke bari ya fita kamun kifi. Ya ce akwai wata mace 'yar ƙabilarmu a wurin wankin zinariya na kan tudu, wadda take zagin mai gadinsu da yarenta tana yi masa murmushi, shi kuma yana gyaɗa kai yana jin daɗi. Na ce da mai ba ni labarin ya tsaya haka nan, na san ta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na gudu na bar ki. Shekara huɗu ke nan ina haɗiyar abinci da wannan abu a maƙogwarona. Na shiga zauren maza na yi magana, aka yi min dariya, wai gurgu mai riƙon alƙalamin gashin tsuntsu yana kiran yaƙi. Tamukule kaɗai, mai babban jirgin nan na mutum hamsin, bai yi dariya ba. Ya ce in tambaye ki: ku nawa ne, karnuka nawa, dawakai nawa, ta ina ake shiga. Ki ba Gwatiba amsa.

Naki, Wayuba

Daga Boriken, tsakiyar damina

Zuwa ga Wayuba, Mai Ƙafar Ƙaguwa,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo Sibuli. Ka ce mata har yau ban ci gurasar rogo mai daɗin tata ba, kuma a nan ba abin da nake yi sai ɗaukar gurasar rogo.

Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan yashi. Sau biyu na karanta, na farko ina dariya, na biyu na iso wurin Inna. Ban samu inda zan yi kuka ba sai cikin kogi, na sunkuya kamar ina wankin zinariya. Lafiyata da sauƙi. Haƙora biyu sun tafi, bayana ya san bulala, amma baki yana nan.

Maganar ka gudu ka bar ni, ka daina. Da ni na sami ƙofa a ranar nan, ko waiwayo ba zan yi ba, kuma ka sani. Sai dai da na fi ka gudu, kare bai isa ya kama ni ba.

Ka gaya wa Tamukule mu goma ne, maza shida, mata huɗu. Muna kan tudu, tafiyar rabin yini daga teku. Karnuka uku. Mai gadinmu Nunyo ne, ƙato mai jan wuya, ƙarfi kamar na mutum biyu, kai kuwa babu komai, ko karatu bai iya ba. Dawakai suna can gari, sai hayaƙi ya kira su, kuma kafin su iso rana ta hau. A bakin kogi akwai gonar rogo da rumfar da ake gasa gurasa. Ni ce ke jagorantar masu sauka ɗaukarta. Nakan sauka da mutum uku, amma idan na ce kaya sun yi yawa zan iya sauka da duka goma. Sau ɗaya ne wannan ƙarya za ta ci, Wayuba, ba za ta ci sau biyu ba. Saboda haka sai na san ranar daidai.

Kuma ku hanzarta. Zinariyar kogin nan ta ƙare. Na ji da kunnena, don sun manta ina jin yarensu, cewa bayan damina za a loda mu a jirgi zuwa Kubagwa, inda ake sa mutane nutso neman lu'ulu'u. Ba wanda ya taɓa cika shekara biyu a can. Ni ba na tsoron ruwa, amma ba zan mutu a ƙarƙashinsa ina nemo wa wata mata abin wuya ba. Gida nake so.

Taka, Ariyuma

Daga Waitukubuli

Ariyuma,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Gwaggo ta ce ki zo ki ci, ki daina yabon baki.

An gama shawara, ƙauyuka bakwai sun sha giyar rogo a kan maganar. Tamukule ya zauna ya ƙulla igiya takwas da hannunsa, ƙulli iri ɗaya, bakwai na shugabannin ƙauyuka, ta takwas taki. Ga ta nan cikin ganye tare da takardar. Ban rubuta rana ba, ban rubuta adadi ba, igiya ta isa. Kin san aikinta tun kina ƙarama: kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya. Mai ɗaukarta yana kwancewa a hanya kamar yadda aka saba, abin da ya iso hannunki shi ne kwanakin da suka rage. Safiyar da kika kwance na ƙarshe, ku kasance a bakin kogi da wayewar gari.

An ba ni wuri a jirgin Tamukule. Ni ne mai kwarfe ruwa. Ki yi dariyarki yanzu, ki gama kafin mu iso.

Wayuba

Daga Ay-Ay, a hanyar komawa gida

Zuwa ga Ariyuma,

Ina gaishe ki, domin haka aka koya mana. Ina fatan kina lafiya. Mu ba ma lafiya.

Mun zo. Jirage takwas, mun shiga bakin kogi gari yana wayewa, safiyar da ƙulli na ƙarshe ya kwance a hannun kowa. Mun ƙone rumfar gurasa, masu gemu biyu da ke gadinta sun gudu. Muka duba yashi, muka duba gonar rogo, muka busa ƙahon teku sau uku. Babu ke, babu mutum ɗaya cikin goman.

Kin san yadda muke yi: a buga a fita kafin rana ta wuce kan itatuwa. Shugabannin jirage suka ce a tafi. Tamukule ya ce, "Na aika wa mace ta zo. Ba za ta sauko daga tudu ta tarar da yashi ba." Suka ce, "Hayaƙin nan ya riga ya kira dawakai." Ya ce, "To su ma su zo, wurin da faɗi." Ya umarci jirage bakwai su ja baya cikin ruwa, shi ya tsaya a bakin kogi, ruwa iya gwiwa, jikinsa jawur da shafi, kulki a kafaɗa, yana kallon hanyar tudu. Ariyuma, ban taɓa ganin namiji irin wannan ba. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ko na tabbata da ke ba. Har rana ta tsaya a tsakiyar kai yana nan.

Dawakai goma sha biyu suka zo, da bindigogi. Ya kayar da biyu. Da hannunsa ya tura jirginmu cikin ruwa, yana turawa harsashi ya same shi a baya. Mun rasa mutum biyar. Ni na riƙe kansa har ya cika, bai zagi kowa ba.

Yanzu ga abin da ake faɗi a nan, kuma gara ki ji daga bakina. Wai shekara bakwai ta isa ta sauya mutum. Wai kina sa tufafinsu, sun ba ki sunansu, kin zama ta hannun damansu, ke kika tsara a tsayar da mu har dawakai su iso. Na yi faɗa da mutum biyu a kan wannan. Amma da na zauna ni kaɗai, sai na kasa ba kaina amsa. Igiya ta iso ki, Gwatiba ya rantse. Me ya hana ki? Ki gaya min da hannunki, ko da gaskiyar mai ɗaci ce.

Wayuba

Daga Boriken, ƙarshen damina

Wayuba,

Ina gaishe ka da gaisuwar rashi. Ka gai da matan Tamukule da iyalan sauran huɗun. Wata guda na yi ban amsa ba, domin sai yanzu na iya ɗaga hannu.

Buɗe ganyen nan. Igiyarka ce. Ƙirga. Shida suka rage, haka take a ƙuguna safiyar da na ɗaga kai daga kogi na ga hayaƙi yana tashi daga bakin teku. Na tsaya kamar an dasa ni. Na taɓa igiyar, na sake taɓawa. Sannan na yi ihu da yarenmu, mu goma muka zubar da ƙorai muka kwasa da gudu a gaban Nunyo. Tafiyar rabin yini ce, ka sani. Ba mu kai rabi ba karnuka suka tare mu. Tsoho ɗaya a cikinmu bai tashi daga bulalar ranar ba. Yanzu mu tara ne. Idan masu magana a wurinku suna son sanin ko na zama tasu, su zo su duba bayana.

Da na sami ƙafa na nemi Gwatiba. Na ce, "Baba, kwana nawa igiyar nan ta yi a hannunka?" Ya ce, "Shida, 'yata. Iska ta hana ni ƙetarowa daga Ay-Ay." Na ce, "Ƙulli nawa ka kwance?" Ya zaro ido. Ya ce, "Kwance? Ni? Amanar mutane? Ko ruwa ban bari ya taɓa ta ba. Ɗaya ma ya so ya saki, na sa haƙori na ƙara ɗaure shi."

Wayyo, Wayuba. Mutanen Boriken ba sa ƙirga kwana da igiya. Mutuminku ya kwance nasa daidai har Ay-Ay, ya miƙa wa tsohon bai ce masa komai ba, don a wurinmu ko yaron da bai yi haƙori ba ya san wannan. Kai ma ba ka rubuta adadi ba. Ni ma ban tambaya ba. Duk mun ɗauka duniya gaba ɗaya ƙauyenmu ce. Da na yi masa bayani tsohon ya yi kuka har na koma ni ce ke rarrashinsa. Kada kowa ya taɓa shi.

Na ji haushinka ƙwarai, kada ka ɗauka ban ji ba. Kai da muka sha bulala ɗaya a kan benci ɗaya! Amma ina karanta wurin Tamukule sai haushin ya rasa wurin zama. Mutumin da bai san fuskata ba, ya tsaya min daga safe har tsakar rana. Na gaya wa sauran takwas, mun ba shi suna a waƙar da muke yi a bakin aiki, Nunyo yana kaɗa ƙafa.

Jirgin Kubagwa zai zo idan sabon wata ya tsaya. Kada ka sake shiga zauren maza saboda ni. Mutum biyar sun isa. Ka ce wa Gwaggo ta kwance ragar nan ta ba wani.

Ariyuma

Daga cikin itatuwan bakin ruwa, gabas da koginku

Taubashiyata,

Gaisuwa, da neman gafara. Na karanta takardarki a gaban maza, na aza igiyar a tsakiyar zaure. Ba wanda ya iya ɗaga kai. Waɗanda suka zage ki sun ji kunya, amma jirage ba za su sake fita a bana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Laifin nawa ne sau biyu: ban rubuta adadi ba, sannan na yi shakkar ki.

Duba inda na rubuto. Ina ƙasarku tun jiya, sauro yana cin rabona. Wannan karon babu igiya, babu ƙirga. Gwatiba zai ba ki wannan yau, gobe da hantsi ki gan ni.

Ga dabarar. Kin tuna hannun limamin nan, yadda yake karkata haruffa? Na iya shi. Ina da takarda mai kyau daga akwatin wani jirginsu da ya fashe a gaɓarmu, da jan hatimi da na ɓamɓaro daga wata tsohuwar wasiƙa. Na rubuta da yarensu cewa a sauko da ku tara bakin teku a yi muku wankan shiga addini kafin jirgin Kubagwa. Kin ce Nunyo ba ya karatu. Masu gemu kuwa suna tsoron takarda mai hatimi fiye da yadda suke tsoron kulki. Zan zo da rigarsu da sunan da suka ba ni, a matsayin ɗan aiken liman. 'Yan uwanmu uku suna jira da jirgi a bayan dutsen gabas.

Idan kin gan ni kada ki san ni. Kuma don girman kakanninmu, Bakin Barkono, ki riƙe bakin nan na yini ɗaya.

Wayuba

Daga Waitukubuli

Zuwa ga Wayuba, taubashina, ɗan uwana,

Ina gaishe ka. Ina tambayar lafiyarka, kuma ba tambayar al'ada nake yi ba.

Mun iso. Mu tara, ba wanda ya ragu a hanya. Kwana tara a ruwa, da kifi ɗanye da ruwan sama. Da na ga duwatsunmu sun fito daga cikin gajimare ban yi magana ba, ni Ariyuma, har aka fara tambaya ko lafiya.

Na riƙe bakina yadda ka ce, kuma ba zan yafe maka wannan ba. Na ga lokacin da Nunyo ya juya takardar sama da ƙasa, ya shinshina hatimin, ya ce, "Su su bi tsohon nan Gwatiba su sauka. Kai kuma mu je gari tare, liman ya faɗa min da bakinsa." Na buɗe baki, ka harare ni. Ka ce masa, "To, ranka ya daɗe, amma ka ga ƙafata, sai dai mu tafi a hankali." Kamar wanda aka gayyata cin abinci! Ka bi shi kana jan ƙafar nan, kana ƙara mata abin da ba ta da shi, don tafiyar ta yi tsawo. Ko waiwayo ba ka yi ba. Ni na waiwaya har hanya ta lanƙwasa.

Mun jira ka a bayan dutsen har rana ta karkata. Ni na ce a jira. Da muka ji haushin karnuka, Gwatiba ya ce, "'Yata, in kin tsaya, tafiyar da ya ja ta zama banza." Ni na ce a tura jirgi. Ka san wannan ma, da bakina na faɗa.

A nan ba a kiran ka gurgu kuma. Yaran da ke kwaikwayon tafiyarka har yanzu suna yi, amma yanzu faɗa suke yi a kan wanda zai zama kai. A zauren maza ana ambaton sunanka bayan na Tamukule, kai da ko kulki ba ka iya riƙewa da kyau ba. Ka ji ni da kyau, don ba zan maimaita ba: ban taɓa ganin jarumi kamarka ba. Rubutunka ne kawai har yanzu bai gyaru ba, na yi mamakin yadda ko jahili ya yarda da shi.

Gwatiba zai koma. Mun hana shi ya ƙi, ya ce zai bi ta wurin danginsa da ke ɓoye a duwatsu, ya nemo inda suka kai ka, ko kurkukun gari ne ko jirgin Kubagwa. Idan kana da hannu ka rubuto. Idan babu takarda, ka yi zane a kan ganye, zan gane.

Jiya tsofaffin mata suka zo da wuƙa don a yanke mana gashi, ni da Gwaggo Sibuli, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi rashi. Sun ce masu gemu ba sa barin wanda ya yi musu irin wannan. Gwaggo ta kalle ni. Na ce su mayar da wuƙarsu, ba wanda ya ga gawa. Ta kore su har bakin hanya da zagi, ta dawo ta zauna kusa da ni. Tana nan yanzu tana kallon hannuna, ta ce in rubuta maka cewa gashinta yana kanta.

Nawa ma yana kaina, Wayuba. Kada ka sa in yanke shi.

Taka, Ariyuma